Hana furannin tukunya zuƙewa a ɗakin gilashi

Kukan masu renon furanni a ɗakin gilashi, wato ɗakin da ake renon shuka cikin ɗumi, ɗaya ne: irin su Echinacea da Salvia, masu sake tofowa duk shekara, da zarar sun sami ɗumi sai su zuƙe, wato su yi tsayi siriri, kara ya yi laushi. Yawanci sun ce a fara da ba tukwane tazara, don inuwar maƙwabciya ce ke sa shuka miƙa wuya. Sai batun sanyi: a sauke zafin ɗakin na awa 2 zuwa 3 da asuba, gaɓoɓin kara za su gajarta. Wasu sun ƙara da rage ruwa da takin fosfaras. Maganin paclobutrazol, mai rage tsayin shuka, yana aiki, amma ni ina shakkarsa. In ya yi yawa, shuka ta tsuguna ke nan har makonni.