M35A2 da ta daɗe a ajiye, in saya ko in haƙura?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nazo nema wajen manya. Na daɗe ina sha'awar manyan motocin sojan nan da ake gwanjonsu in sun gama aiki, to yanzu dai Allah ya kawo wata, M35A2 ce mai taya goma, wadda ake cewa tan biyu da rabi, ƙirar AM General ta 1972 kamar yadda yake rubuce a farantin jikin dashbod. Mai ita yace ta kai shekara biyar ko fi tana tsaye a fili baya fita da ita, amma wallahi da aka ɗaura mata batur biyu bugu ɗaya ta tashi, ta ɗan yi farin hayaƙi sannan ya washe, tobo ɗinta na ta fito kamar ba ita ce ta kwana biyu ba. Bodi da sauƙi, tsatsa a ƙasan ƙofa ne da akwatin batur, tamfol kam ya mutu.

Ba haya zanyi da ita ba, sha'awa ce kawai, inaso in riƙa gyarawa da hannuna ranar da ba aiki, wani lokacin mu fita daji da yara mu kwana, in ɗebo itace ko wani kaya in ta kama. Ƙananan gyara na iya, canjin baƙin mai, birki na ƙaramar mota da makamantansu, amma ban taɓa sa hannu a babbar mota ba.

Abin da nakeso in sani, da gaske ne injin nan yana shan kowane irin mai har da tsohon baƙin mai? Sannan tunda ta tashi lafiya zan iya tuƙo ta gida da ƙafarta, tafiyar zata kai kilomita 200? Akwai kuma wanda yace in bar ta in nemi tan biyar M923 wai tafi sauƙin tuƙi. Allah ya saka da alheri.

Tsohon_Makanike:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka fara tambaya da inji, ni kuwa da birki zan fara maka, dan injin nan tashi ba abin mamaki bane a wajensa, ko shekara goma yayi a kwance in akwai wuta da mai zai tashi. Tashin nata shi ne yake yaudarar mutane su hau titi.

Kar ka tuƙo ta. Ka nemi babbar tirela a ɗoro maka ita, ko nawa ne ka biya. Dalili kuwa, birkin M35A2 layi ɗaya ne tal. Iska ce ke taimakon ƙafarka ta wani abu da ake kira eyafak a ƙarƙashin motar, amma abin da ke matse shu a tayu man birki ne, kuma daga masta guda ɗaya yake fita ya rabu zuwa silinda shida na ƙafafu. Ƙaramar motarka layi biyu gareta, gaba ya fashe baya ya riƙe ka. Wannan tiyo ɗaya ya fashe ko fayif ɗaya ya huje, duka shidan sun tafi lokaci guda, feda ta nutse ƙasa, kana cikin ƙarfe mai nauyin kusan tan shida ba kaya. Birkin hannu kuma ba a tayu yake ba, ɗan dirom ne a bayan akwatin tiransifa, na ajiye mota ne a tsaye, ba zai tsayar maka da ita tana gudu ba. Sai a na ƙarshe-ƙarshen da aka yi wa sojan sama wajen ƙarshen shekarun 1980 da kuma ƙirar M35A3 da ta biyo baya aka sa layi biyu, taka ta 1972 bata ciki.

Mota da ta shekara biyar a fili, robobin cikin silinda sun bushe, tiyoyin roba sun tsattsage ko da ido bai gani ba, fayif ɗin ƙarfe kuma yana cin tsatsa ne daidai inda kilif ya riƙe shi a jikin shasi, wajen da laka ke taruwa. Na taɓa buɗe silindar ƙafa ta irin motar nan da ta zauna haka, na ɗaga robar ƙura sai ga wani farin gari-gari da ruwa mai launin ƙasa na gangarowa, fistin ɗin ya kafe sai da guduma ya fita, alhali feda tana da tauri lafiya lau in ka taka a tsaye. Saboda haka taurin feda kar ya ruɗe ka.

In ta iso gida ga aikinka na farko: ka cire dirom shida ɗin nan duka, ka canza silinda ko ka sa musu sabbin robobi, tiyoyin roba duk a zubar a sa sababbi, masta da eyafak a buɗe a gyara. Tunda ka riga ka buɗe sai ka wanke biyarin ka sa sabon giris ka canza oyil sil, dan in sil ya mutu man aksul ne ke wanke giris ɗin ya jiƙa shu. Mastan yana ƙarƙashin wata ƴar ƙofa a daben mota gefen direba. Man birkin da soja ke sawa DOT 5 ne na silikon, ba a haɗa shi da DOT 3. Wajen bilidin kuma eyafak ake fara yi kafin a je ƙafafu. Sannan ka saba, kullum ka gama tuƙi ka buɗe tankunan iska ruwa ya fita, in ba haka ba ruwan nan eyafak yake tafiya ya cinye shi. Kuma kar ka motsa mota sai ƙarar gargaɗin iska ta ɗauke, tana ɗaukewa ne wajen 60 psi, ni nakan jira geji ya wuce 90.

Ka nemi littafin TM 9-2320-361-10 na direba da -20 na gyara, kyauta suke a intanet, har zanen kowane noti akwai. Motar kam ka saya in shasi lafiya, mota ce mai koyar da mutum.

Mai_Tobo:

Baba ya gama magana akan birki, ban da abin ƙarawa. Bari in taɓa maganar mai tunda ita ce kowa ke tambaya.

Eh gaskiya ne amma ba yadda ake zuzutawa ba. Injin LDT-465 ne, silinda shida, wajen lita 7.8, ƙarfinsa doki 130 da ɗoriya ne kawai, kaga ba na gudu bane. Fasahar ƙona man daga kamfanin MAN na Jamus aka samo ta, kan fistin ɗin akwai rami zagayayye, nozul na fesa mai a jikin bangon ramin sai ya riƙa ƙonewa a hankali, ga kwamfireshan mai yawa 22 da 1, shi yasa yake iya cin gas, kananzir, man jirgi irin JP-8, har fetur in an matsu. An yi haka ne dan soja a fagen daga ya zuba abin da ya samu ya tsira, ba dan a mayar da tanki bola ba. Fetur zalla ba ya shafa wa famfon injekta maiƙo, in dole ce sai an haɗa masa baƙin mai, fetur ɗin jirgin sama kuwa an hana kwatakwata, a rubuce yake a farantin dashbod ka duba zaka gani.

Tsohon baƙin mai akwai masu sawa, amma masu yi da hankali tacewa suke sosai, wasu har injin juyawa suke da shi mai fitar da ƙarfe da ruwa, sannan su sirka da gas. In ka zuba shi yadda ya fito daga wata motar, filta uku ɗin nan zasu toshe maka a hanya kuma garin ƙarfen da ya wuce kan famfo zai ci. Ni shawarata shekarar farko gas mai kyau kawai, ka fara sanin muryar injinka tukuna, in yaso daga baya kayi gwaje-gwajenka.

Abubuwan da zaka duba kafin ka biya: zaro difstik ka shinshina, in baƙin mai na warin gas ko ya haura alama, to mai na zuba cikin inji, yawanci daga wani ɗan abu ne a jikin famfo da ake cewa FDC, da yawa kewaye shi suke da tiyo su huta. Buɗe lagireto mota na silo ka ga ko yana kumfa, gaskit ɗin kai na tsohon yayi suna bada matsala. In ka tada ita kar ka taka totur, filtocin baƙin mai a kife suke, mai na tsiyayewa in ta kwana, sai ta ɗau daƙiƙa goma ko fi kafin geji ya tashi. Kuma littafi ma ya faɗa, kafin tayarwa ka ja abin kashe inji waje ka ɗan buga kik, in kaji ya cije ka tsaya, alamar ruwa ko mai ya taru a kan fistin kenan, in ka matsa kon rod zai lanƙwashe. In ka dawo daga tafiya ka barta a silo kamar minti biyar tobo ya huce.

A hanya jan layin gejin juyin inji 2600 ne a minti amma kar ka zauna a can, 2200 zuwa 2300 ya isa, wato kana tafiya wajen kilomita 75 zuwa 80 a awa, haka zaka haƙura kowa ya wuce ka. Ka sa abin toshe kunne, ba wasa nake ba, ƙarar cikin gidan direba tana kashe ji. Wutarta kuma volt 24 ce, kar ka jona rediyo ko caja a batur ɗaya, zaka kashe su duka biyun.

TanBiyar_6x6:

Ni dai ina da ja kaɗan. Na riƙe biyun kuma in tuƙi ake magana M923 ta fi nesa ba kusa ba. Giya otomatik ce Allison, sitiyari mai fawa, birki na iska zalla, injin Cummins NHC-250 ko mai lita 8.3 da tobo a ƙirar M923A2 wanda kowane makanikin manyan motoci ya sani kuma kayansa na nan. M35A2 ba fawa, in zaka juya ta a matsattsen waje tana tsaye sai kafaɗarka ta faɗa maka, giya ɗaya bata da sinkiro, huɗu da biyar kuma a juye suke ba inda hannu ya saba ba.

Amma tsakani da Allah ga wanda zai fara kuma shi kaɗai zai riƙa gyara a gida, tan biyar ta yi girma. Nauyinta kusan tan goma ne, taya 14.00R20 da ke kan ƙirarta ta A1 da A2 mutum ɗaya baya tada ita in ta kwanta, jak ɗinka da sifanunka duk sai ka sake manya. A Amurka ma nauyinta da kaya ya haura fam 26,001 ɗin da maganar lasisin manyan motoci ke farawa, jiha-jiha da yadda suke ɗaukar abin, ita kuwa tan biyu da rabi tana ƙasa da haka. Ko ina kake ka tambayi hukumar lasisi da masu inshora kafin ka biya, kuma ka tabbatar takardun mallaka sun cika, mota ba takarda ado ce a tsakar gida. Wanda zai sayi M923 ya duba ko an sa mata ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙullewa in an taka birki, waɗanda ba a sa wa ba soja da kansu sun taƙaita gudunsu zuwa mil 40 a awa saboda yawan kifewa, kuma ba a yin ribas da ƙaramar giyar tiransifa, akwatin na tsagewa.

Ka auna ƙofar gidanka ma, faɗin M35A2 kusan mita 2.4 ne tsawo kusan mita 7.

Sabon_Hannu:

Kai jama'a nagode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na koma na duba yau. Baba na ɗaga ƴar ƙofar nan, man da ke cikin masta saura kaɗan a ƙasa kuma launinsa ruwan ɗorawa ne, ta yaya zan gane ko DOT 5 ne? Bayan tayar baya ta hagu ta ciki a jiƙe take. Baƙin mai baya warin gas, lagireto ba kumfa, shasi na bi shi da guduma lafiya yake. Na fasa tuƙowa, nayi magana da mai tirela. Tayoyin kuma duk sun tsattsage a gefe duk da ƙwayarsu na nan, zan iya cirewa da kaina in sa wasu?

Tsohon_Makanike:

Madalla ɗana, haka ake so. Ka ɗebi man kaɗan da sirinji ka ɗiga a kwalba mai ruwa ka girgiza. In ya narke ya haɗe da ruwan DOT 3 ne ko 4, in ya ware ya taso sama DOT 5 ne. Launi ba hujja bane, sabonsa shuɗi-shuɗi ne mai ja amma in ya tsufa yana komawa ɗorawa. In kaga wani ya haɗe wani ya ware to an cakuɗa, sai a wanke layin gaba ɗaya. Jiƙewar nan ta baya ka taɓa ka shinshina, man aksul warinsa mai ƙarfi ne, in ba wari silinda ce ke yoyo, ko wanne ne dai buɗewa za ayi.

Taya kuwa cire ta daga jikin mota zaka iya. Ka lura notinan gefen hagu haƙorinsu a juye yake, zaka ga L a kan ƙusar, dama ake juyawa su kwance, mutane da yawa sun karya ƙusa a nan. Na baya kuma noti biyu ne, na waje da na ciki mai kai murabba'i, akwai soket na musamman da ake saida musu. Amma raba taya da rim da hura mata iska, wannan ban yarda kayi shi kai kaɗai ba. Rim ɗin 9.00-20 mai zobe ne, in zoben bai zauna daidai ba aka hura, tashi yake da ƙarfin da ke kashe mutum nan take. Ka kai wa masu tayar manyan motoci da ke da keji, in kanaso ka koya ka tsaya ka kalli yadda suke wanke ramin zoben da yadda suke hurawa daga nesa da dogon tiyo. Tayar da ta tsage a gefe kar ka sa ta a gaba ko da ƙwayarta sabuwa ce, biyun gaba su ka fara saya da sabon tub da filaf.

In kazo kan fenti ka sake tambaya kafin ka sa sanfefa, da yawansu fentin soja da ake kira CARC ne a jikinsu kuma ƙurarsa na illa ga huhu, sai da abin rufe hanci mai filta na gaske. Ranar ɗorawa a tirela kar ka dogara da birkinta, a ja ta da winci, a ajiye katakon waji a bayan taya, kuma kar kowa ya tsaya a bayanta. Ka turo mana hoton cikin dirom ɗin in ka buɗe.