Waya a matsayin makullin motar lantarki: wa ya gwada a nan Katsina?

Ɗan kasuwa, Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 nake lissafin komawa motar lantarki, sola kuma na riga na kafa a gida. Yanzu wani dila ya samo mini wata da aka shigo da ita daga Amurka, sai dai ba ta da makullin rimot irin wanda muka saba. Kati ɗaya ya nuna mini kamar na ATM, ya ce sauran duk a waya yake. Na san motocin ba su da yawa a garin nan, amma masu su, da masu tuƙa wa iyayen gidansu, don Allah ku faɗa mini abin da kuka gani da idonku.

Injiniya, GRA

Wa alaikumus salam Alhaji. Ina tuƙa irinta, kuma amsata ita ce yawancin ranaku ba za ka ma tuna da maganar makulli ba. Ka matso ta buɗe, ka taka burki ka tafi, ka sauka ka yi nisa ta kulle kanta. Amma ka fara rarrabe abu uku, don a nan mutane ke rikicewa.

Akwai Bluetooth, wanda shi ne ainihin makullin yau da kullum. Tsakanin wayarka da motar ne kawai, ba ruwansa da data ko sabis. Akwai NFC, wanda sai ka manna waya ko kati a jikin motar. Sai kuma intanet, wanda da shi ake buɗe mota daga nesa ko a kunna mata AC kafin a fito. Wannan na ukun shi ne mai raunin. A watan Nuwamban 2021 na'urorin Tesla, kamfanin motocin lantarki na Amurka, da ke kula da manhajarsu sun samu tangarɗa na wasu sa'o'i, masu motoci a ƙasashe da dama suka yi ta ƙorafin manhaja ta ƙi aiki, waɗanda ke da kati a aljihu kuwa suka shiga abinsu. Mu da muka ga yadda aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan a Satumban 2021, har da Jibiya da Batsari da Funtuwa, ba sai an yi mana dogon bayani a kan dogaro da sabis ba. Na bi hanyar Daura ta Mashi, akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa, na tsaya na sauka na dawo, ƙofa ta buɗe lafiya lau.

Abin ma ba sabo ba ne. Tesla Model 3 ta fito a 2017 da waya da kati kawai, sai daga baya suka fara sayar da rimot. BMW da Apple suka shigo da nasu tsarin a 2020.

Direban wani Alhaji

Yallabai Injiniya, duk abin da ka faɗa haka ne, amma kai kake tuƙa kanka da wayarka. Mu namu daban ne. Wayar maigida ce makulli, ni kati aka ba ni. Shi kuma maigida yana da ɗabi'ar jona wayarsa a caji cikin mota idan za mu shiga masallaci. Wata Juma'a muka ajiye ta can wajen Ƙofar Soro saboda cunkoso, aka idar da salla muka dawo, na kai hannu aljihu zan ciro kati, sai ga wani yaro ya jingina da ƙofar baya, hannunsa ya danna mariƙin, ƙofa ta buɗe. Ashe tun da muka tafi a buɗe take, don a wurin motar mai ita yana ciki. Da wani ya zauna ya taka burki da ya tafi da ita. Allah ne ya tsare. Tun ranar, ko dai ya ɗauki wayar ko ya kashe mata Bluetooth in kulle da kati.

Sai kuma maganar aljihu. Idan ya sa babbar riga, wayar tana can ƙasa a aljihun 'yar ciki ta ɗaya gefen, wani lokaci sai ya ja ƙofa ta ƙi, ya juya jikinsa, ya sake ja, sannan ta saki. Ba ya wuce 'yan daƙiƙu, amma a gaban mutane abin na ɓata masa rai.

Injiniya, GRA

Wannan gaskiya ne Malam. Jikin mutum yana tare siginar Bluetooth, shi ya sa aljihun baya ya fi ba da matsala. Sababbin motoci da wayoyi masu UWB, wata fasahar sigina mai auna tazara, sun fi gane inda wayar take daidai.

Mai gyaran waya

Ni ba ni da mota, amma an kawo mini wayoyi a kan wannan matsalar, mai ita yana zargin motar. Kusan duk lokacin laifin na cikin wayar ne. Wayoyin Android da yawa an yi su ne su riƙa kashe duk manhajar da ke aiki a ɓoye don caji ya daɗe, mu kuma saboda halin wutarmu kowa ya kunna tsimin batir ya bar shi haka. To manhajar mota sai tana raye a ɓoye take amsa kiran motar. Shiga saituna, cire ta daga cikin waɗanda ake kashewa, ba ta izinin sanin wurin da kake a kowane lokaci. Da an yi haka yawanci shi ke nan.

Kada kuma ku manta da watan Afrilu. Rana ta haura digiri 40, an bar waya a kan dashbod ko an riƙe ta a rana a kasuwar Mai'adua, sai ta yi zafi ta kashe kanta. Waya a mace kuwa babu Bluetooth. iPhone na da wani tanadi, idan makullin yana cikin manhajarta ta Wallet ne, tana iya buɗe motar ta NFC har zuwa awa 5 bayan caji ya ƙare, amma sai motar da ke karɓar wannan tsarin. Ƙananan wayoyi da yawa da ake sayarwa a nan ko NFC ɗin ba su da shi, a duba kafin a saya.

Hajiya, Daura

Ni fa ban yarda da abin nan ba sam. Tawa daga China maigidana ya sa aka kawo, irin wadda aka yi don kasuwarsu ta can. Manhajar sai da lambar wayar China take rajista, yaran gida sun yi iya yinsu ta ƙi, don haka batun buɗewa daga nesa babu shi. Da rimot da kati nake aiki, kuma hankalina kwance. Ko da tana yi ma, wayata ba ta zama a hannuna. Jikoki na kallo da ita, a gidan biki a karɓa a ɗauki hoto ta zaga hannu goma kafin ta dawo. Makulli kuwa yana ƙasan jaka, ba mai cewa ara mini.

Ma'aikaci, Layout

Hajiya kin taɓo inda ke damuna. An ƙwace mini waya a bakin titi bayan magariba, ina amsa kira, wasu yara biyu a kan babur. Motar tana can gida, amma daren nan ban yi barci ba sai da na samu kati na shiga allon motar na goge wayar daga jerin makullai. Wannan kam na yaba, don rimot ɗin motocin da muka saba idan ya ɓace ba haka ake soke shi cikin sauƙi ba. Shawarata ita ce a sa lambar sirri ta tuƙi, yadda ko ƙofa ta buɗe motar ba za ta motsa ba sai an danna lambobi huɗu a allo. A 2022 masu bincike na kamfanin tsaron intanet NCC Group a Ingila sun nuna za a iya miƙa siginar Bluetooth daga wayar da ke nesa zuwa jikin mota ta buɗe. Ban ji an yi wa kowa haka a nan ba, namu ɓarayin wayar suke ɗauka gaba ɗaya, amma lambar tana maganin duka biyun.

Mai rewaya, hanyar Kano

Abu ɗaya da ba wanda ya ambata. Ban da babban batirin da ke tafiyar da motar, akwai ƙarami, a yawancinsu mai bolt 12, shi ke riƙe da ƙofofi da kwamfutar motar. Idan ya mutu, waya da kati da rimot duk ɗaya suke. An kira ni kan wata da ta daɗe a ajiye mai ita ya yi tafiya, sai da muka ciro wayoyin da aka ɓoye a bamba ta gaba muka ba su wuta, bonet ya buɗe, sannan muka kai ga batirin. Zafinmu yana cin wannan batirin da wuri, motar da ta sha zama a tashar jirgin ruwa kuma a canza shi tun farko.

Ɗan kasuwa, Ƙofar Ƙaura

Allah ya saka da alheri. Injiniya, dila ya ce in biya tukuna, haɗa wayar daga baya za a yi. Ya kake gani?

Injiniya, GRA

A'a Alhaji, kafin kuɗi. Waya ba za ta zama makulli ba sai motar ta koma kan asusunka na manhajar kamfanin, kuma idan mai ita na farko bai cire ta daga nasa ba, sai ka tura wa kamfanin takardun mallaka ka jira, wanda kan ɗauki lokaci, musamman motocin gwanjo da suka yi haɗari a can. Ku zauna cikin motar tare da shi, a buɗe jerin makullai a allo, ka ga waya nawa da kati nawa ke ciki, a goge duk wanda ba a hannunka yake ba. Sannan ka ce ya kawo kati na biyu, don guda biyu suke zuwa da su, kuma yawanci da kati ake ƙara sabuwar waya ko a cire tsohuwa. Ɗaya a walat ɗinka, ɗaya a gida wurin uwargida.