Salansar mashin ɗina ta hana 'yan lungu barci, ya zan yi in rage ƙarar?

Abba Dorayi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sanin harkar mashin ina neman shawara. Na sayi Boxer na hannu wajen wani yaro wata 2 da suka wuce, injin lafiya lau ba ya hayaƙi ba ya shan baƙin mai, salansar ce kawai matsala, ashe yaron ya kai an fasa ta an kwashe kayan cikin gaba ɗaya aka sake like ta da walda don ta dinga ƙara irin ta yaran da ke wasa da mashin ranar ɗaurin aure. A bakin titi muka yi cinikin shi ya sa ban ji abin sosai ba sai da na shigo lungunmu. Ni kuma da asuba nake fita 'Yankaba ɗauko kayan miya, maƙwabcina dattijo ne ya yi min magana har sau 2, yanzu wallahi tura shi nake sai na kai titi sannan in tayar. Tana gyaruwa ko sai dai in sayi wata? Wani ya ce in cusa soson ƙarfe na wanke tukunya a ciki wai yana rage ƙara.

Usta Garba mai walda:
Wa alaikumus salam. Malam Abba kar ka soma sa soson nan, kwana biyu zai yi shiru ka ɗauka ka dace, daga nan zafi ya cinye shi ya dinga fitowa gutsi-gutsi, wani lokacin ma ya dunƙule ya toshe hanyar iska mashin ya daina ja. Tana gyaruwa in dai jikin bai ruɓe ba. Abin da ke kashe ƙara a salansa ba wani sihiri ba ne, a cikin tulun akwai farantan ƙarfe da suka raba shi ɗaki-ɗaki da kuma bututu mai huje-huje, hayaƙin sai ya yi ta zagaye kafin ya fito, to su yaran nan suke cirewa sai hayaƙi ya fito kai tsaye kamar bindigar toka. Abin da muke yi shi ne a yanke tulun ta baya, a samu bututu a huda shi da diril ƙananan ramuka da yawa, a naɗe shi da audugar gilas wato faiba a ɗaure da waya, a mayar da faranti ko da ɗaya ne a tsakiya sannan a rufe. Amma ka kai wa mai waldar gas, ƙarfen salansa ba shi da kauri, wanda hannunsa bai faɗa ba in ya sa ta lantarki huda maka ita zai yi ta yi. Kuma ka tsaya a kwance ta daga jikin mashin kafin a kunna wuta, na ga masu ganganci suna walda ga tankin fetur nan a kusa.

Sadiq KD:
Hhhh Allah sarki dattijo. Ni dai shawarata ka huta da wahala ka je Ƙofar Ruwa tunda a Kano kake ka nemi tsohuwar salansar Boxer ta asali wadda ba a taɓa ba, mu nan Kaduna kasuwar Panteka muke zuwa. Ka ɗaga ta ka ji nauyi, ka girgiza, in ka ji wani abu na kwaram-kwaram a ciki ajiye musu kayansu. Sababbin nan masu sheƙi da arha damina ɗaya suke yi.

Injiniya Bello:
Duk abin da Usta ya faɗa haka ne, amma kafin a yanka komai ka fara duba wuyan salansar inda ta haɗu da kan injin, akwai wani zoben gasket a wurin, in ya mutu ko notin ya yi sako-sako za ka ji ƙara tana fita ta gaba tsit-tsit-tsit kuma za ka ga baƙin hayaƙi ya yi shaida a wurin. Da safe mashin na sanyi ka tayar ka ɗan toshe bakin salansar da tsumma na daƙiƙa 2 ko 3, duk inda take yoyo za ka ji. In za a kwance notin nan a bari injin ya huce a zuba masa mai ya jiƙa, don in ƙusar ta karye a cikin kan injin ka shiga wani sabon kashe kuɗin.

Sai abin da mutane ke mantawa, kafireto. Salansar da aka fasa tana sa iska ta yi wa fetur yawa, shi ya sa in ka saki totur kake jin tas-tas kamar ana harbi, to wasu sai su sa a ƙara musu mai ko a canza jet, wato ɗan ƙarfen nan mai huji da fetur ke bi ta cikinsa, a sa babba. In yaron ya yi haka kuma kai ka mayar da salansa yadda take, mai zai yi yawa, mashin ya dinga shaƙewa yana shan fetur kamar ba gobe. Bayan gyara ka yi yawo da shi kwana ɗaya ka ciro fulogi ka gani, in bakinsa ruwan ƙasa ne to daidai ne, in baƙi ne ƙirin da toka-toka mai ya yi yawa, in fari ne fat mai ya yi kaɗan kuma injin na cin zafi.

Sadiq KD:
Injiniya ka zo da lakca kenan, amma gaskiya ce, nawa haka ya yi min sai da aka sake saita kafireton.

Abba Dorayi:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na gwada na tsumman yau da safe, wuyan ma yana yoyo, ga baƙin nan ya yi shaida kamar yadda Injiniya ya ce. Gobe in Allah ya kai mu zan biya Ƙofar Ruwa in taya tsohuwar salansa, in kuɗin ya fi ƙarfina sai in koma kan gyaran. Usta, audugar gilas ɗin wajen su wa ake samu, masu gyaran firji ko 'yan kayan gini?