Shin bashin VAT yana mutuwa bayan shekara biyar?

Ɗan Misfala:
Assalamu alaikum. Don Allah wanda ya san doka ya haska min. Yayana yana da shagon dabino da turare da darduma a Misfala, nan Makka, kuma yana da rajistar VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan sayarwa. Ya miƙa bayanan cinikinsa na wata ukun ƙarshen 2019, riyal 9,000 ya hau kansa. Yana cikin haɗa kuɗin sai ga korona, aka dakatar da Umara, ya ja ƙofar shago ya kulle. Yanzu yana son sake buɗewa, sai wani a majalisarsu ta bayan Isha'i ya ce ya sha kuruminsa, shekara biyar ta wuce, ZATCA, hukumar zakka da haraji da kwastan ta Saudiyya, ba ta da hurumin bin sa. Mai fatawar direban tasi ne, shi ya sa nake tambaya.

Malam Akanta, Jidda:
Wa'alaikumus salam. Direban ya ji maganar, amma wutsiyarta ya kama. Shekara biyar ɗin wa'adi ne da hukuma take da shi ta bincika lissafinka ta yanka maka haraji, ko ta gyara wanda ta yanka, ana ƙirgawa daga ƙarshen shekarar da cinikin ya faɗo a ciki. Na 2019 ya cika a ƙarshen 2024 ke nan. Wanda ya yi coge da gangan, ko cinikinsa ya haura riyal 375,000 a shekara ya ƙi yin rajista, shi kam har shekara ashirin ana iya waiwayo shi.

To yayanka ba ya cikin wannan sahun. Da hannunsa ya rubuta cewa ana bin sa 9,000, bashi ya riga ya tabbata. Dokar kuɗaɗen shigar gwamnati ta 1431 Hijiriyya kuwa ta faɗa ƙarara cewa bashin gwamnati ba ya faɗuwa don an daɗe. Ga tarar jinkiri, kashi 5 cikin ɗari duk wata, ko da kwana ɗaya aka shiga cikin watan. A lissafinsa riyal 450 ne kowane wata. Kuma in bai soke rajistar ba lokacin da ya rufe, watannin da bai miƙa bayani ba su ma da tasu tarar.

Hajiya Ummu Salma:
Ɗana, kada ku tsorata da yawan tarar. Tun Yunin 2022 hukumar ta fito da shirin yafe tara ga wanda ya biya uwar kuɗin, ko ya nemi a rarraba masa biya, kuma an yi ta ƙara wa shirin wa'adi. Ban da tarar masu coge. Maigidana ta nan ya fita. Ku shiga shafin hukumar yau ku ga ko ƙofar tana buɗe.

Ɗan Misfala:
Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya. Rajistar kam bai soke ba, yanzu na kira shi. Rasitan suna cikin kwalin dabino a ɗakin Inna, gobe zan je in kwaso su.

Malam Akanta, Jidda:
Ka kwaso duka, har na kayan da ya saro, don VAT ɗin da ya biya dillalai ana cire shi daga abin da ke kansa, in dai shekara biyar ba ta wuce ba bayan shekarar da ya saro kayan. In ka ga adadin da ba ku yarda da shi ba, kwana sittin ne wa'adin ƙorafi daga ranar sanarwa, ka fara duba kwanan watan da ke jikinta.