Sauya kwano zai raba silin da fumfuna?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Silin ya yi baƙi-baƙi da fumfuna tun damina, ɗakin kuma sai warin danshi. In aka sauya kwano, an rabu da ita ke nan?

Kafinta: Wa alaikumus salam, Alhaji. In yoyo ne sanadi, ƙwarai. Tsohon kwano ta ramin ƙusa yake fara zuba, da zarar tsatsa ta cinye gefen ramin. Sabon a buga masa ƙusa mai roba a kan tudu, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Inda falle ya hau falle daga sama a bar aƙalla inci 6, a gefe kuma tudu ɗaya da rabi. Raftar da ta ruɓe a cire ta gaba ɗaya. Sabon katako ya zama busasshe, a shafa masa maganin gara kafin a ɗora.

Magini: Kwano kaɗai bai isa ba fa. Da dare yakan huce, tururin da ya taru tsakaninsa da silin ya koma ruwa yana ɗiga kan katako, ko ba a yi ruwan sama ba. A bar kafofin iska ƙarƙashin bakin rufin da kuma can ƙololuwarsa, a rufe su da raga saboda jemage. Tururin banɗaki da kicin a fitar da shi waje.

Mai fenti: Allon silin da ya jiƙe ya kumbura ba ya gyaruwa, a sauya shi. Kada a shafa fenti kan fumfuna, za ta sake ɓullowa. Mai cirewa ya sa takunkumi da safar hannu.