Yaya za mu tafiyar da zauren WhatsApp na malamai har ya amfani ɗalibanmu?

Shugaban makarantar firamare, Talata Mafara:
Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawararku game da wani zaure da muke son buɗewa domin malaman aji ɗaya zuwa uku na makarantun da ke kewayenmu. Dalili shi ne bitar da ake kira ba ta wadatar ba, sau da yawa malami ɗaya ake zaɓa daga makaranta, idan ya dawo kuma abin da ya koyo yakan tsaya a littafinsa. Damuwata ita ce zaurukan da muka taɓa buɗewa duk sun rikiɗe sun koma wurin sanarwar ɗaurin aure, ta'aziyya da gardamar siyasa, har malamin da ya kawo tambayar aiki ya rasa mai amsa masa. Wace hanya kuka bi naku ya ɗore a kan manufa?

Malamar lissafi, Gusau:
Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. A ganina yawan jama'a ne ke fara kashe irin wannan zaure. WhatsApp ya yarda a tara mutum 1,024 a wuri guda, amma malamin da bai fahimci wani darasi ba ba zai taɓa fallasa kansa a gaban ɗaruruwan mutane ba, balle idan ya san akwai jami'an SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, a ciki. Namu na masu koyar da lissafi ne zalla, kowa ya san kowa, kuma kowane mako mutum ɗaya ke kawo matsalar da ta taso masa a aji, ba wadda ya tsinto a wani shafi ba.

Wata malama ta taɓa kawo kukan cewa 'yan aji biyu sun kasa gane ɗebewar da ake yin aro a cikinta. Sai wani abokin aikinmu ya ɗaure tsinken tsintsiya goma-goma da zare, ya ajiye su a kan tabarma, ya ɗauki bidiyon hannayensa yana kwance ƙulli ɗaya domin ya cire 7 daga 32, yana bayani da Hausa kamar yadda zai yi wa yara. Sharaɗinmu shi ne duk wanda ya karɓi dabara ya gwada ta, ya dawo ya faɗi yadda ta kaya. Da ta dawo ta ce yaran sun gane, amma tsinken bai isa ajin da ya cika maƙil ba, shi ya sa ta raba su rukuni-rukuni. Wannan komowar ita ce ainihin karatun, kuma ita ce ba a samu a bitar kwana biyu. Sanarwar biki da rasuwa kuwa kada ka hana, zumunci ne, ka buɗe musu wani zauren daban.

Malami mai ritaya, Ƙauran Namoda:
Na yarda da Malama, sai dai ina da jan hankali. Ba duk shirin darasin da ke yawo a Facebook ko Telegram ne ya dace da mu ba. Da yawa an rubuta su ne domin makarantun kuɗi masu koyarwa da Turanci tun daga aji ɗaya, wasu ma sun saɓa wa manhajar karatu ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu ta ƙasa. Ku naɗa gogaggen malami ya riƙa auna duk abin da aka turo da manhajar kafin a shiga da shi aji. Ku kuma nemo waɗanda suka sami horo a shirin RANA na koyar da karatu da Hausa, wanda aka gudanar a nan Zamfara da Katsina, domin saƙon murya daga bakinsu kan yadda ake furta sautin harafi ya fi dogon rubutu amfani.

Malamar aji uku, Anka:
Allah ya saka da alheri. Ku da ke cikin gari ku riƙa tunawa da mu masu ƙarancin sabis da tsadar data. Bidiyo mai tsawo ba ya sauka a wayoyinmu, saboda haka a taƙaita shi ko a mai da shi saƙon murya. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar nan saboda matsalar tsaro. Abin da mutum ya riga ya sauke a wayarsa ne kaɗai ya rage masa. Tun daga nan muke ajiye duk abu mai amfani, idan mun haɗu mu tura wa juna ta Xender ba tare da data ba.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi a zuciyata. Ina roƙon a sa dokar hana ɗora hoton fuskar yara, sunayensu, allon sunan makaranta ko lokacin tashi, domin a halin da muke ciki ba wanda ya san hannun da hoto zai faɗa bayan an tura shi gaba.

Shugaban makarantar firamare, Talata Mafara:
Na gode ƙwarai. Dokar hotuna ita za mu fara rubutawa, kuma zan bar shugabancin zauren a hannun malaman aji, domin kada ganin sunana ya hana wani tambaya. Malama ta Gusau, idan mai bidiyon tsinken ya amince, ina son ki turo mana shi mu buɗe makon farko da shi.