Wa ke fara tashi a lokaci 0: ƙimar farko ko initial?

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da testbench (lambar gwaji) a Verilog, yaren bayyana da'irar lantarki, da na rubuta `reg clk = 0;` a ciki don agogo ya fara da 0, ga kuma `always @(negedge clk)` mai ƙirga duk lokacin da agogo ya sauka. Simuleta ɗaya ta ƙirga tun a lokaci 0, ɗayar kuwa sai da agogo ya sauka da gaske. Ko harafi ban canza ba. Akwai wanda ya taɓa cin karo da irin wannan?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Duba, fayil ɗinka .v ne (Verilog) ko .sv (SystemVerilog)? Ni ma abin ya same ni a aikin kammala digiri. Verilog-2001 ce ta kawo damar ba reg ƙima a layin da aka ayyana shi, amma ta ɗauki hakan tamkar wani `initial` ne, wato ɓangaren da ke gudana sau ɗaya a farko, kuma ba ta ce wane zai riga wane ba. Kafin a ba shi ƙima, reg yana kan x, wato ƙimar da ba a sani ba, sauka daga x zuwa 0 kuwa negedge ne. In `always` ɗinka ya riga ya zauna jira, zai gani. In ƙimar ta riga shi, shi ke nan, ya wuce. Duka simuletocin biyu ba su karya doka ba. SystemVerilog, wato IEEE 1800, ita ta raba gardama: ƙimar da ke kan layin ayyanawa tana zama kafin kowane `initial` ko `always` ya motsa.

Hajiya mai FPGA: Injiniya, ta raba gardama amma ta jawo wata. Da muka mayar da tsofaffin fayilolinmu .sv, wani mux (mai zaɓar ɗaya daga cikin shigarwa) da ke cikin `always @*` ya kafe a kan x. Shigarwarsa duk suna da ƙima tun kafin lokaci 0, babu canjin da zai tashe shi, sai ya yi ta barci. `always_comb` ne ya fitar da mu, don shi yana gudana sau ɗaya a lokaci 0 ko da ba abin da ya canza.

Ɗalibi: Malamai, nawa a cikin task ne. Na sa `int n = 0;` da nufin duk kira ya fara daga sifili, sai na ga lissafi yana ɗorawa kan na baya.

Injiniya: Task ɗin da ke cikin module static ne, wato ƙimarsa tana nan daga kira zuwa kira, sai dai in ka ce `automatic`. Sau ɗaya tak aka ba n sifili, a farkon gudu.

Dattijo: Mu 'yan VHDL, wani yaren bayyana da'ira, wannan rigimar ba ta cika damunmu ba. Sigina na samun ƙimarta kafin komai, `std_logic` da ba a ba komai ba na farawa da 'U', wato ba a ba shi ƙima ba tukuna, sannan kowane process ya gudana sau ɗaya har ya tsaya jira. Sai dai na taɓa gadon lamba mai `clk'event and clk = '1'`, wadda ta ɗauki tashi daga 'U' zuwa '1' a matsayin gefen agogo. `rising_edge` ba ya yin haka.

Hajiya mai FPGA: Baba, ai ku ma kuna da naku ciwon kan. Ɗan Zariya, shawarata kada ka jingina komai da lokaci 0. A FPGA, guntun da ake iya sake tsara shi, ƙimar farko na shiga tare da bitstream, fayil ɗin da ake loda masa, amma a ASIC, guntun da aka ƙera don aiki ɗaya, flip-flop na tashi da abin da ya ga dama. Ni yanzu reset nake riƙewa na zagaye kaɗan, sannan in gudanar da simuletar Verilator da `+verilator+rand+reset+2` don rajistocin da ba su da ƙima su fara da wadda aka zaɓo barkatai. Duk wanda reset bai kai gare shi ba, nan take yake fitowa fili.

Ɗan Zariya: Na duba. Simuleta ɗaya tana karanta fayil ɗin a matsayin Verilog, ɗayar kuma SystemVerilog. Na sa ƙirgar ta jira reset, yanzu sakamakon ya zo ɗaya. Allah ya saka da alheri.